Taswira ko kamara? Awon hanyoyi huɗu ga jami'in tsara birane da ɗaukar hoto ya shiga ransa

Duk wanda ya yi aikin tsara birane ya san wannan fitar. A ɗauki jan fenti da tef ɗin awo da fayil, a shiga motar ofis, a nufi unguwar da sabon titi zai ratsa. Kafin a shafa wa bango alama sai an ɗauki hotonsa, domin fayil ba ya cika sai da hoto. Na yi shekaru ina ɗaukar irin waɗannan hotuna ban ɗauke su a bakin komai ba, har ranar da na koma wata unguwa bayan an gama aiki. Zauren da malam yake karantar da yara babu shi. Darbejiyar da masu faci suke zama a ƙarƙashinta an sare ta. Abin da ya rage na shaidar cewa an taɓa rayuwa a wurin shi ne 'yan hotunan da ke cikin wayata. Titin yana da amfani, har gobe ban musa ba. Amma tun daga ranar na daina ganin hoto a matsayin abin cika fayil.

Na san ba ni kaɗai ba ne. Akwai matasan da suka karanta tsara birane a Zariya ko Kano ko Minna, suka sami aiki, yanzu kuma zuciyarsu ta karkata ga kamara, suna tambaya ko su ajiye aikin. Domin su nake wannan rubutu, maza da mata, ko da yake zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana.

Sai mu fara bambance abin da muke nufi. Hoton biki da na situdiyo sana'a ce mai kyau, tana ciyar da gidaje da yawa, amma ba ita ake nufi a nan ba. Hoton jarida na ranar da abu ya faru ne: gobara, zaɓe, ambaliya. Wanda ya ɗauke maka hankali shi ne wanda nake kira hoton shaida, wato ka zaɓi lamari ɗaya, ka bi shi wata da watanni, wani lokaci shekaru, har hotunan su haɗu su ba da labarin da hoto guda ba zai iya bayarwa ba. Kududdufan cikin birnin Kano da ake cikewa ana gini a kansu. Abin da ya rage na badala, wato ganuwar birnin Kano, wadda ke cikin jerin wuraren tarihi da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2007. Yadda unguwannin Maiduguri suke farfaɗowa bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024. Irin wannan aiki yana cin lokaci sosai, kuma ba ya saurin biya. Duk awon da ke ƙasa a kan wannan gaskiyar ya tsaya.

Ma'aunan da za mu yi amfani da su

Na farko kuɗi: nawa za ka kashe kafin ka fara, nawa kuma za ka rasa. Mutane sukan ƙirga kuɗin kamara su manta da albashin da zai tsaya, alhali shi ne babban farashin.

Na biyu ɗorewa: hanyar za ta riƙe ka shekara goma, ko kuwa da ciwo ɗaya ko haihuwa ɗaya za ta karye?

Na uku sauƙi: me za ka koya daga farko, me kuma ka riga ka iya.

Na huɗu haɗari: ga aljihunka, ga lafiyarka, ga sunanka, ga matsayinka a gaban doka.

Akwai na biyar da ba a cika sa shi a lissafi ba, amma ni a wurina shi ya fi nauyi. Me ya kore ka daga ofis? In abin da ya dame ka shi ne tsari mai kyau yana kwanciya a durowa ba a aiwatarwa, to ka sani ciwon tsoho ne. Babban tsarin birnin Kano da masanin tsara birane Trevallion ya shirya an yi shi ne don shekarun 1963 zuwa 1983, na Max Lock na Kaduna ya fito a 1967, kuma duk wanda ya ɗora su a kan biranen yau ya san tazarar da ke tsakanin takarda da ƙasa. Kamara ba za ta warkar da wannan ba. Mai hoto ba ya hana rusau, ba ya sa a gina magudana. Abin da yake iyawa shi ne ya sa a gani, kuma gani ya kori ji. In ganin shi ne burinka, mu ci gaba. In kuwa so kake ka canza inda titi zai bi, kujerar da kake kai ta fi kamara kusa da wannan.

Kuɗin kaya, wanda kowace hanya za ta ci

Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu zuwa sama da naira 1,500 a cikin 2024, kayan hoto kuwa duk da dala ake shigo da su. Don haka kada ka fara da sabuwar kamara. Tsofaffin da ƙwararru suka yi aiki da su, irin Canon 5D Mark III ta 2012, ko Nikon D750 ta 2014, ko Fujifilm X-T3 ta 2018, har yau suna fitar da hoton da kowace mujalla za ta buga. Abin dubawa a ta hannu shi ne adadin hotunan da ta riga ta ɗauka. Kamfanin Canon ya auna marufin 5D Mark III, wato abin da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, a kan ɗauka 150,000, to wadda ta kusa wannan adadi ka san tsohuwar mota kake saye. Gilashin gaban kamara (lens) ɗaya mai tsayin milimita 35 ko 50 ya isa shekarar farko. Na 50 mai buɗewa 1.8 shi ne mafi araha a kusan kowane kamfani, kuma yana aiki a cikin zaure mai duhu.

Abin da ke cin kuɗi a ɓoye shi ne sauran: batir biyu ko uku saboda halin wuta, katunan ajiya, kwamfutar da za ta iya ɗaukar manyan hotuna, da ma'ajiyar waje aƙalla biyu, ɗaya a gidanka ɗaya a wani gidan. Wanda ya ajiye aikin shekara uku a wuri ɗaya yana wasa da shi ne. Manhajar gyaran hoto ta Adobe wata-wata ake biya da kuɗin waje, amma darktable da RawTherapee kyauta ne, kamar yadda manhajar taswira ta QGIS take kyauta ga wanda ba shi da kuɗin ArcGIS. Sannan ƙurar hunturu. Kada ka canza gilashi a fili lokacin hazo, in ba haka ba za ka ga ɗigo-ɗigo a sararin saman kowane hoto.

Hanya ta ɗaya: ka zauna a ofis, ka yi hoto a ranakun hutu

Ta fuskar kuɗi babu wadda ta kai ta sauƙi. Albashi yana shigowa, kamara kawai za ka saya, ko da adashi ne. A tsarin fansho na tarayya, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki yana zuba 10, kuma wannan goman kyauta ce da ba za ka sake samu ba ranar da ka zama mai cin gashin kansa. Ritaya sai shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa. Ɗorewa kenan irin wadda sana'ar hoto ba ta da ita ko kusa.

Amma akwai ƙulli biyu. Na farko na doka ne. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Jadawali na Biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Na san da yawa suna yi ba a ce musu komai ba, amma ranar da aka so kama mutum da ita za a kama shi. Ɗaukar hoto don kanka da baje shi ba kasuwanci ba ne. Karɓar kwangilar hoto da rubuta takardar neman biya wani abu ne daban.

Na biyu na amana ne, kuma ya fi na farkon damuna. Kai ne ka san unguwar da za a rushe kafin mazaunanta su sani. In ka je da kamara ran Asabar kana ɗaukar su suna murmushi, ran Litinin ka dawo da jan fenti, ka ci amanarsu. In kuma ka wallafa abin da ka gani a fayil, ka ci amanar ofis. Mafita ɗaya na sani: ka zaɓi aikin hoton da ba ya cikin yankin da kake da hannu a kansa. Jami'in da ke duba izinin gini a sabbin unguwanni zai iya bin marinar Ƙofar Mata ko magina da laka a ƙauyen kakanninsa ba tare da wani karo ba.

Iyakar wannan hanya ita ce lokaci. Hasken da ya fi kyau na sassafe ne da na bayan la'asar, abubuwa kuma ba sa jiran ƙarshen mako. Aikin da mai cikakken lokaci zai gama a wata shida, kai sai ka yi shekara biyu. Amma jinkirin ba asara ba ne duka. Birni a hankali yake canzawa, kuma wanda yake komawa kusurwa ɗaya kowane wata har shekara biyar yana tara abin da baƙo ba zai taɓa samu ba.

Hanya ta biyu: ka bar kujerar, ka riƙe lasisin

Wannan ita ce ka fita daga aikin cikakken lokaci, ka koma mai ba da shawara mai zaman kansa a harkar tsara birane, rabin makonka ga taswira, rabi ga kamara. A nan zan daɗe, domin ita nake ganin ta fi dacewa da mafi yawan masu tambaya.

Sharaɗinta na farko rajista ce. Hukumar TOPREC, wadda doka ta 3 ta 1988 ta kafa, ita ke ba da ikon yin aiki da sunan ƙwararren mai tsara birane, ƙungiyar NITP kuma, wadda ta samu tun 1966, ita ce zauren da ake sanin juna ake jin inda aiki yake. In ba ka kammala rajista ba, kada ka motsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da hatiminka za ka iya shirya rahoton nazarin fili ga mai neman izinin gini, ka tsara rukunin filaye, ka shiga ayarin masu nazarin tasirin aiki ga muhalli da jama'a, ka zana taswira ga duk mai buƙata. Wannan shi zai biya kuɗin haya da na makaranta.

Abin da ya sa na fi son ta ba kuɗin kaɗai ba ne. A nan ne sana'o'in biyu suke ciyar da juna. Aikin ƙidayar gidajen da wani aiki zai shafa yana kai ka lungunan da mai hoto zalla zai yi wata yana neman hanyar shiga. Ka riga ka san cewa ba a fara aiki a unguwa sai an gaida mai unguwa, wani wurin sai an kai ga dagaci ko hakimi. Ka iya karanta hoton tauraron ɗan'adam, don haka kana iya ɗora na shekara goma da ta wuce a kan na bana ka ga kududdufin da ya ɓace, sannan ka je ka nemo dattijon da ya yi iyo a cikinsa yana yaro. Ka san dalilin da ya sa ruwa ke shiga wannan layi ya bar wancan. Edita yana iya samun masu iya danna kamara ɗari, amma wanda zai rubuta masa bayanin hoto ya haɗa shi da dokar amfani da ƙasa ta 1978 ko dokar tsara birane ta 1992 ba tare da kuskure ba, da wuya ya sami biyu. Wannan shi ne jarinka, kuma kuskure ne babba ka jefar da shi don ka zama kamar kowane sabon mai hoto.

Farashinta: albashi ya tsaya, kason fansho na ma'aikata ya tsaya, ga kuɗin sabunta lasisi da rajistar kamfani. Asusun fanshonka naka ne, yana nan, amma daga yanzu kai kaɗai za ka riƙa zuba masa. Haɗarinta mafi girma kuwa shi ne wanda karin magana ya faɗa, taura biyu ba ta taunuwa. Aikin taswira yana da mai jira da ranar miƙawa, aikin hoton shaida ba mai jiransa sai kai. In ba ka keɓe masa ranaku ka tsare su kamar ranar kasuwa ba, bayan shekara biyu za ka waiga ka tarar ka zama ɗan kwangila mai kamara a jaka. Ga kuma jinkirin biya, wanda duk mai aiki da hukumomi ya sani. Wata uku ba tare da shigowar ko kwabo ba abu ne da ya kamata ka sa a lissafi tun farko.

Kafin ka yi murabus, ka bincika ko ma'aikatarku tana ba da hutu ba albashi. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun tanadi irin wannan hutu a kan wasu dalilai, musamman karatu. In ka samu, ka gwada rayuwar waje alhali ƙofa tana buɗe a bayanka.

Hanya ta uku: ka sauka gaba ɗaya

Masu son wannan hanya sukan kawo misalin Sebastião Salgado, kuma misali ne na gaske. Masanin tattalin arziki ne ɗan Brazil, yana aiki da ƙungiyar kofi ta duniya a Landan, ya ajiye aikin a 1973 ya kama hoto, kuma cikin ayyukansa na farko akwai farin da aka yi a Nijar a wannan shekarar. Ya shiga Magnum, shahararriyar ƙungiyar masu ɗaukar hoto, a 1979, ya rasu a watan Mayu na 2025 duniya ta san shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kamarar farko da ya riƙe ta matarsa Lélia ce, wadda ta karanta zanen gine-gine da tsara birane a Faris, kuma ita ce ta tsaya a kan tsara littattafansa da baje kolinsa tsawon rayuwarsu. Ba shi kaɗai ya yi tsallen ba. Ya kuma fara ne a zamanin da mujallun Turai ke biyan mai hoto ya yi makonni a kan labari ɗaya. Wannan kasuwa ta ƙanƙance ƙwarai tun da intanet ta janye talla daga takarda.

A gida ma akwai waɗanda suka sauya sheƙa suka yi nasara. George Osodi ya yi aikin banki kafin ya koma hoto, ya yi wa kamfanin dillancin labarai na AP aiki, ya shafe shekaru yana bin yankin Neja Delta. Fati Abubakar ta karanta aikin jinya, sannan a 2015 ta fara wallafa hotunan rayuwar yau da kullum ta Borno a Instagram, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai gawa da hayaƙi. Akintunde Akinleye ya ci kyautar World Press Photo a 2007 da hoton gobarar bututun mai a Abule Egba ta Legas. Ka lura da abin da ya haɗa na farkon biyu: kowannensu ya riƙe wurin da ya sani ciki da bai.

Daga ina kuɗi ke zuwa? Daga wurare huɗu, kuma babu mai tabbas a ciki. Aikin kwana-kwana daga kamfanonin labarai na waje, waɗanda suka fi neman ka ranar masifa. Aikin ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa, wanda ya fi yawa a arewa, amma su ke faɗa maka abin da za ka ɗauka, kuma sau da yawa kwangilarsu tana karɓe haƙƙin mallakar hoton. Ka karanta wannan sashe kafin ka sa hannu. Tallafi daga gidauniyoyi irin Magnum Foundation da National Geographic Society, wanda ake nema da Turanci, masu nema kuma daga duk duniya suke. Sai sayar da hoto da baje koli, inda bikin hoto na Legas, LagosPhoto, da aka fara a 2010 da bikin hoto na Bamako da ake yi tun 1994 suke buɗe ƙofa, amma suna kawo suna ne kafin su kawo kuɗi. Shi ya sa da yawa cikin masu hoton shaida suke ɗaukar biki a watannin da babu aiki. Ba abin kunya ba ne, sai dai ka san da shi tun yanzu.

Haɗarin jiki na gaske ne. Babu katin ofis a aljihunka. Kamara a kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro ko wurin rusau tana iya jawo kwana a caji ofis, wasu hanyoyin karkara kuwa ba sa biyuwa a halin da ake ciki. Jirgi marar matuƙi, wanda masu tsara birane suke sha'awa ƙwarai, ba a tashinsa don aiki sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da amincewar ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Sannan akwai haƙƙin mutanen da kake ɗauka. A ƙasarmu gida yana da "ba shiga", fuskar matar aure ba ta kowa ba ce, almajiri kuma yaro ne mai iyaye da malami ko da ba ka gan su ba. A nan mace mai hoto tana da abin da namiji ba shi da shi: tana wuce zaure ta shiga tsakar gida, inda rabin rayuwar birni take, inda ake sana'ar ƙosai da ɗinki da kitso wadda babu taswirar amfani da ƙasa da ta taɓa nuna ta.

Ba na hana kowa wannan hanya. Amma ban yarda mutum ya hau ta ba sai da abu uku a hannu: kuɗin cefane da haya na shekara guda a ajiye, aikin hoto guda da aka kammala wanda editan da bai san shi ba ya yaba, da yardar iyali. Maigida ko uwargida da aka sanar bayan an miƙa takardar murabus, an zalunce su.

Hanya ta huɗu: ka koma karatu tukuna

Ba zan daɗe a nan ba. Market Photo Workshop ta Johannesbag, wadda David Goldblatt ya kafa a 1989, tana da kwas na shekara guda a hoton jarida da na shaida, kuma ta yaye masu hoto da ake ji da su a Afirka. Digiri na biyu a Ingila ko Amurka kuwa, da darajar naira ta yanzu, sai da cikakken tallafi. Abin da makaranta ke bayarwa shi ne malami mai faɗa maka gaskiya a kan hotunanka da abokan sana'a. Ba ta ba da aiki, kuma babu editan da ya taɓa neman takardar shaida kafin ya duba hoto. Kada ka ci bashi dominta. Gajeren horo na mako ɗaya ko biyu, da zaman duba hotuna a lokacin bukukuwan hoto, suna ba da kaso mai yawa na amfanin a kan kuɗi kaɗan.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Zama a ofis | Kuɗin kaya kawai | Mai ƙarfi, ga fansho | Mai sauƙin farawa, lokaci ya yi kaɗan | Karo da doka da amanar aiki |
| Aikin kai da lasisi | Albashi ya tsaya, ga kuɗin rajista | Matsakaiciya zuwa mai ƙarfi | Sai da tsare lokaci | Jinkirin biya, taswira ta cinye hoto |
| Sauka gaba ɗaya | Kaya da ajiyar shekara guda | Mai rauni a shekarun farko | Mafi wuya | Aljihu, lafiya, tsaro |
| Komawa karatu | Mafi tsada in ba tallafi | Ba ta tsayawa da kanta | Mai sauƙi in an sami gurbi | Bashi, dawowa ba aiki |

Wace ce taka?

In kana da mata da yara da iyayen da ke kallon albashinka, ko saura maka shekara goma ko ƙasa da haka ka yi ritaya, ka zauna a ofis. Ka zaɓi lamari ɗaya da ba ya ƙarƙashin teburinka, ka ba shi kowace Asabar, ka rubuta ranar kowane hoto da wurinsa kamar yadda kake cika fayil. Ranar da ka yi ritaya za ka fito da fansho da taskar hotuna tare.

In ka yi rajista, ka yi shekara biyar zuwa goma a aiki, ka san safiyo da injiniya da mai zanen gini da za su tuna da kai in aiki ya taso, hanya ta biyu taka ce. Ka fara da neman hutu ba albashi in ana bayarwa, ka keɓe wa kamara kwana biyu a mako, kada ka sayar da su ko da kwangila ta yi kira.

In ba ka yi rajista ba tukuna, ko da ka gaji da ofis, ka daure ka kammala ta. Kana iya ɗaukar hoto da wayarka a wannan tsakanin, kuma za ka gane ko son aikin kake yi ko son kamarar.

In kai matashi ne, ba nauyin kowa a kanka, kana da ajiyar shekara, wani edita ya riga ya biya ka sau biyu ko uku, to ka sauka. Sai dai ka ci gaba da sabunta lasisinka kowace shekara, kuɗin ba shi da yawa in aka kwatanta da abin da yake tsare maka.

In ke mace ce da ke jin aikin ofis ya rufe miki ƙofar fita fili, ki duba hanya ta biyu da kyau. Ayyukan nazarin jama'a suna neman wadda za ta shiga gida ta zauna da mata, kuma a wannan zaman ne za ki sami labaran da babu wanda ya ɗauka, muddin kin nemi yardarsu, kin kuma koma kin nuna musu hotunan kafin kowa ya gani.

In kuwa an ba ka cikakken tallafin karatu, ka tafi, amma ka tafi da aikin da ka fara a gida. Kafin ka hau jirgi ka zagaya badala daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Kabuga, ko duk abin da yake matsayinta a garinku, ka ɗauki kowace kusurwa, ka rubuta inda ka tsaya, domin in ka dawo bayan shekara ka tsaya a wurin ka sake ɗauka.